AYABA A GARKA: YADDA AKE RENON TA DA YADDA AKE NUNAR DA ITA

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, yau maganarmu a kan ayaba take.

Kowa ya san ayaba a kasuwa. Da yawa daga cikinta motoci ne suke kawo ta daga ƙasashen kudu, kamar Najeriya da Benin da Kodibuwar. Hanya tana da nisa, shi ya sa take da tsada. Amma ayaba tana yi a ƙasarmu in akwai ruwa kusa. Wasu masu garka sun gwada, sun ci riba. Wasu kuma sun sha wahala shekara guda, a ƙarshe ƴaƴan suka lalace a hannunsu.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe tun farko: gindin ayaba sau ɗaya yake haihuwa. Nono ɗaya yake bayarwa, watau dami ɗaya na ƴaƴa, sa'an nan ya mutu. In wannan nonon ya lalace, aikin shekara ya tafi. Saboda haka mai ayaba yana bukatar sanin abu 3: yadda zai rene ta har ta haihu, ranar da zai sari nonon, da yadda zai nunar da shi.

AYABAR TUKUNYA DA AYABAR FILI

Asalin ayaba daga ƙasashen Asiya ta kudu maso gabas ne, inda ake zafi da ruwan sama mai yawa. Daga can ta bazu cikin duniya.

A yawancin ƙasashen Turai sanyi yana kashe ta a waje. Don haka mutanen can suna sa ta cikin tukunya, su ajiye ta cikin ɗaki don ado. Ganyenta kawai suke kallo. Da wuya ta haihu, gama rana ba ta isarta, kuma saiwarta ba ta da wurin sakewa.

Wajen shekara ta 1835, a Ingila, wani mai kula da lambu, sunansa Jozef Pakston, ya reni wata gajeriyar ayaba a babban ɗakin gilashi mai ɗumi. Ta sami haske da zafi da taki, sai ta yi fure ta haihu. Aka sa mata sunan mai gidan, watau Kabendish. Yau irin Kabendish shi ne ayabar da aka fi sayarwa tsakanin ƙasashen duniya.

Abin da Bature ya gina wa ɗaki don ya samu, mu muna da shi kyauta: rana da zafi. Abin da ya rage mana shi ne ruwa, da taki, da kariya daga iska.

AYABA BA ICCE BA CE

In ka sari jikin ayaba, ba za ka ga katako ba. Gindin ganyaye ne suka naɗe juna, cike da ruwa. Ainihin jikinta yana cikin ƙasa. Dunƙule ne kamar na gwaza. Daga wannan dunƙule ganye yake fitowa, daga nan saiwa take fitowa, daga nan kuma ƙananan ayaba suke tsirowa a gefen uwa. Su muke kira ɗiyan ayaba.

Ayabar da muke ci ba ta da iri a ciki. Ɗiyan nan su ne irinta. Su ake cirewa a dasa.

WURIN DA YA DACE

Ayaba tana son ruwa duk wata, ba na damana kaɗai ba. A shekara tana bukatar ruwan da ya kai milimetir 1200 ko fiye. A Maraɗi ruwan sama kusan milimetir 500 ne a shekara. A Gaya kusan 800 ne. Ka ga ruwan sama shi kaɗai ba ya isa ko'ina a ƙasarmu. Dole sai da ban ruwa.

Saboda haka a nemi wurin da ruwa yake kusa: bakin kogi, fadamun Korama, Gulbin Maraɗi, ko garka mai rijiyar da ba ta ƙafewa da rani. Wanda rijiyarsa take ƙafewa da bazara, kada ya dasa da yawa. Gindi 2 da suka ƙoshi sun fi gindi 10 masu ƙishirwa.

A cikin gida ma ana iya dasa gindi ɗaya, inda ruwan wanke-wanke yake kwarara, in babu sabulu da yawa a ciki.

A lura da abu 3:

1. Ayaba tana son ruwa, amma ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta kwana da kwanaki. Saiwar sai ta ruɓe.

2. Ba ta son ƙasa mai gishiri ko kanwa.

3. Ba ta son iska. Iskar hunturu tana yayyaga ganyen. Iskar farkon damana tana kayar da gindin. A yi darni na kara mai tsawo a gefen gabas da arewa, ko a dasa ta a bayan katanga.

ZAƁEN ƊIYA

Ɗiyan ayaba iri 2 ne. Akwai mai siririn ganye kamar takobi, gindinta da kauri. Wannan ita ce mai kyau. Akwai mai faffaɗan ganye tun tana ƙarama, gindinta siriri. Wannan ba ta da ƙarfi, nononta ƙarami ne. Kada a ɗauke ta.

A zaɓi mai tsawon rabin metir zuwa metir 1. A cire ta da dunƙulenta, daga uwa mai lafiya.

Kada a sayi ɗiya daga wurin da ba a sani ba. Akwai wata cuta da aka gani a kudancin Benin da kudancin Najeriya. Ganyen yakan cunkushe a sama, gajere, a tsaye, gindin kuma ba ya haihuwa. Ba ta da magani. Ta hanyar ɗiya take tafiya daga gari zuwa gari. In an ga gindi haka, a tone shi duka a ƙone, a gaya wa malamin gona.

Kafin a dasa, a yi wa ɗiyar tsabta. A sa wuƙa a yanke saiwoyin duka. A fere bayan dunƙulen har farin ya fito. In an ga ramuka baƙaƙe a ciki, tsutsa ce ta shiga, a yar da ita. Bayan haka a tsoma dunƙulen kaɗai cikin tafasasshen ruwa, a ƙirga daga 1 zuwa 30 a hankali, a fitar. Wannan dabara masu binciken noma na cibiyar IITA ta Ibadan suna koyar da ita. Tana kashe tsutsa da ƙwayayenta, ba ta kashe ɗiyar. Amma kada a wuce ƙirga 30.

DASAWA

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damana, in ruwa ya zauna.

A gina rami mai faɗin santimetir 60, zurfinsa ma 60. A ware ƙasar sama daban. A gauraya ta da ruɓaɓɓen taki bokiti 2, da tokar murhu cikin tafin hannu 2. A mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, kada a sa shi.

A rage ganyen ɗiyar don kada ta yi asarar ruwa. A sa ta tsakiyar ramin, a rufe dunƙulen duka, a danna ƙasar da ƙafa, a ba ta ruwa nan take.

Tsakanin gindi da gindi a bar metir 2 da rabi zuwa metir 3.

RUWA DA ABINCI

Saiwar ayaba ba ta nisa cikin ƙasa. Yawancinta a sama-sama take. Da zarar saman ƙasa ya bushe, ta fara jin ƙishirwa. Da rani a ba kowane gindi litir 20 zuwa 30 a rana, watau bokiti 2 ko 3. Da bazara a ƙara. Safe da maraice ya fi.

A rufe kewayen gindin da busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayi, ko tsohon ganyen ayabar. Wannan shimfiɗa tana hana ruwa gudu, tana sanyaya ƙasa, in ta ruɓe kuma ta zama taki. Kada a yi noma mai zurfi kusa da gindin, fartanya tana yanke saiwa.

Ayaba mai ci ce ƙwarai. Duk wata 2 a ƙara mata taki bokiti 1 da toka kaɗan. Toka tana da sinadarin da yake cika ƴaƴan. Wanda yake da takin zamani 15-15-15, ya barbaɗa ƙaramin gwangwanin tumatir 1 a wata, nesa da jikin gindin kamar kamu 2, sa'an nan ya ba da ruwa.

Da sanyin hunturu za ka ga ayaba ta tsaya, ba ta fitar da sabon ganye. Kada ka damu. In ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da 14, ba ta girma. Haka kuma in ya wuce 38, tana wahala, ganye yana ƙonewa. Shi ya sa a ƙasarmu takan ɗan daɗe kafin ta haihu.

UWA ƊAYA, ƊIYA ƊAYA, JIKA ƊAYA

Ga kuskuren da yake hana ayabar mutane da yawa haihuwa. Suna barin ɗiya 8 ko 10 a gindi ɗaya, suna murna wuri ya yi kore. Amma dukansu a akushi ɗaya suke ci. Ba wadda take ƙoshi. Sai ganye ya yi yawa, nono ya zama ƙarami, ko ya ƙi fitowa.

A kowane rami a bar 3 kawai: uwa babba, ɗiya matsakaiciya, da jika ƙarama. Sauran a yanke su daidai da ƙasa, a ƙwaƙule tsakiyarsu don kada su sake tohowa. Ko kuwa a cire masu kyau a dasa wani wuri.

FITOWAR NONO

Ayaba tana fitar da ganye 30 zuwa 40 kafin ta yi fure. Wannan yana ɗaukar wata 8 zuwa 12, bisa ga ruwa da taki da sanyi. Ganyen ƙarshe gajere ne. Bayansa sai wani jan dunƙule ya fito daga tsakiya, ya sunkuyo ƙasa. Ɓawonsa yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin kowane ɓawo akwai jerin ƙananan ayaba.

Daga ranar nan aiki ya ƙaru:

1. In jerin ƙarshe ya gama fitowa, jan dunƙulen ba ya ƙara ba da ƴaƴa. A yanke shi, a bar kamu ɗaya ƙarƙashin jerin ƙarshe.

2. A tokare gindin da gwafa. Nono mai kyau yakan kai kilo 15 zuwa 25. Nauyinsa da iska suna iya karya uwar.

3. A rufe nonon daga zafin rana. A ɗaura masa buhu mai shan iska, a bar ƙasan a buɗe. Rana tana ƙone ɓawon, ya yi baƙi.

4. Kada a yanke koren ganye a ba dabbobi. Ganyen nan shi yake ciyar da ƴaƴan. Busasshe kawai ake cirewa.

5. Kada a rage ruwa. Ƙishirwa a wannan lokaci tana sa ƴaƴan su zama sirara.

YAUSHE AKE SARA?

Daga fitowar nono zuwa sara, wata 3 ne zuwa 4. Da sanyi yakan fi haka. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar da nonon ya fito. Zai san lokacin da zai fara dubawa.

Ba a barin ayaba ta nuna a kan uwa. In an bar ta, ɓawon yana tsagewa, tsuntsaye da jemagu suna ci, kuma ba ta jure tafiya kasuwa. Ana sarar ta tana kore, amma sai ta ƙosa.

Ƙosawa daban, nuna daban. Ayabar da ta ƙosa za ta nuna da kanta a ɗaki. Wadda ba ta ƙosa ba, kome aka yi mata ba za ta yi zaƙi sosai ba.

Ga alamun ƙosawa:

1. Ƙaramar ayaba tana da kusurwa a jikinta mai kaifi. In ta ƙosa sai ta cika, kusurwar ta kusa ɓacewa.

2. Busasshen furen da yake bakin kowace ayaba yana kakkaɓewa in an taɓa shi.

3. Koren ya yi haske, ba kore shar ba.

A yi sara da sanyin safiya, mutum 2. Ɗaya ya sari jikin uwar rabi, ta sunkuyo a hankali. Ɗaya ya tari nonon a kafaɗa, sa'an nan a yanke. Kada nonon ya faɗi ƙasa. Duk inda ya bugu zai yi baƙi ya ruɓe. A sa tsofaffin tufafi, gama ruwan ayaba in ya taɓa riga ba ya fita.

Bayan haka a sare uwar, a daddatsa ta, a shimfiɗa a gindin ɗiyar. Yanzu ɗiya ta zama uwa.

YADDA AYABA TAKE NUNA

Ɗanyar ayaba cike take da gari irin na rogo. Shi ya sa ba ta da zaƙi. In lokaci ya yi, ayabar da kanta tana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani. Masana suna kiranta etilen. Iskar nan ita take juya garin ya zama sukari, ita take tausasa cikin. Nunannen mangwaro da nunannen tumatir su ma suna fitar da ita.

Wanda ya gane wannan, nunar ayaba tana hannunsa. In yana son ta yi sauri, sai ya tsare iskar. In yana son ta jinkirta, sai ya bar iskar ta fita.

In ana son ta nuna da wuri: a yanke nonon jeri-jeri. A bar ruwan ya tsane. A shimfiɗa busasshen ganyen ayaba cikin kwando ko babbar tukunya. A jera ayabar. A sa nunanniyar ayaba 2 ko 3 a tsakiya, ko mangwaro, ko tumatir. A rufe da buhu. A ajiye a wurin da ya fi sanyi cikin gida. Kowace rana a buɗe kaɗan, a duba, a cire wadda ta fara ruɓewa. Bayan kwana 2 ko 3 a cire rufin. Cikin kwana 4 zuwa 7 za ta nuna.

In ana son ta daɗe: a rataye nonon a inuwa, inda iska take ratsawa. Jerin sama shi yake fara nuna. Duk wanda ya nuna a cire shi nan da nan, kada ya ja sauran. Haka iyali za su ci kaɗan-kaɗan, ba duka rana ɗaya ba.

Kada a shanya ayaba a rana wai don ta nuna. Rana dafa ta take yi. Kada a ɗaure ta cikin leda, gumi zai ruɓar da ita. Kada kuma a sa ɗanyar ayaba cikin firiji, ko a bar ta waje da daren hunturu. Sanyi mai tsanani yana ɓata ɓawon, yana hana ta nuna da kyau.

TA NUNA AMMA TANA KORE

Wannan yana ruɗar mutane da yawa. Ayaba irin Kabendish tana yin rawaya mai kyau ne in ma'aunin zafi yana wajen 18 zuwa 20. In ya wuce 25, cikin yana nuna, ya yi laushi, ya yi zaƙi, amma ɓawon yana nan kore-kore. Mai ita yana ta jiran rawaya, har ta narke a hannunsa.

Saboda haka da zafi kada ka dogara da launi. Ka danna ta a hankali da yatsa. Ka shinshina. In ta yi laushi kuma tana ƙamshi, ta nuna. Ka ɓare ɗaya ka ba mai saye ya ɗanɗana.

Wanda yake son launi mai kyau ya nemi sanyi. Ya binne gindin tukunyar cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa, kusa da randa, yana yayyafa wa rairayin ruwa.

HATTARA DA DUTSEN MASU WALDA

Wasu ƴan kasuwa suna nunar da ayaba da mangwaro da karbur. Shi ne dutsen nan mai launin toka da masu walda suke zuba wa ruwa don su sami iskar wuta. Iskarsa tana kama da ta ayaba, tana sa ɓawo ya canja da sauri.

Wannan hanya ba ta da kyau. Ba don abinci aka yi karbur ba. Yana ɗauke da ragowar guba. Yana ƙone hannu, hayaƙinsa yana cutar da ido da maƙogwaro da ƙirji. Iskarsa tana kama wuta, tana iya fashewa cikin rufaffen ɗaki. Ƙasar Indiya ta hana nunar da ƴaƴan itatuwa da shi cikin dokarta ta shekara ta 2011. A Najeriya ma hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magani ta sha gargaɗin jama'a a kansa.

Yawanci ayabar da ba ta ƙosa ba ake yi wa haka. Waje ya yi kyau, ciki da tauri, babu zaƙi, babu ƙamshi. Wanda ya saya sau ɗaya ba ya komowa. Sauri yakan haifi nawa. Wanda ya bar ayabarsa ta ƙosa ba ya bukatar karbur.

ABIN TUNAWA

1. A dasa inda ruwa ba ya yankewa, a bayan darni.

2. A zaɓi ɗiya mai ganye kamar takobi, a fere ta, a tsoma cikin tafasasshen ruwa.

3. A bar uwa ɗaya, ɗiya ɗaya, jika ɗaya.

4. A rubuta ranar fitowar nono, a tokare shi, a rufe shi.

5. A sara tana kore, amma sai ta ƙosa.

6. A nunar a inuwa, da nunanniyar ayaba, ba da karbur ba.

Ayaba abinci ce mai kyau ga manya da yara. Jaririn da ya cika wata 6 ana iya dama masa nunanniya da cokali mai tsabta, a ba shi tare da nonon uwa. Abin da ya ragu a kai kasuwa. Gindin da aka kula da shi yana ba da nono bayan nono shekaru da dama, daga uwa zuwa ɗiya, daga ɗiya zuwa jika.

Wanda yake so ya gwada, ya fara da gindi 2 ko 3 a damanar bana. Ya je wurin malamin gona na yankinsa, su duba ƙasar da rijiyar tare, kafin ya gina rami.